Kiɗan da Muntaka Yake Nema

Duk unguwar Kurayyat ta Jidda an san Muntaka mai walda, amma ba wanda ya san abin da yake gunaguni in yana yankan ƙarfe. Wasu su ce zikiri ne, wasu su ce tsufa. Ina! Kiɗa ne, kiɗan coci ma kuwa, a bakin mutumin da sallar jam'i ba ta wuce shi.

Ɗan maƙera ne daga Jos. Yana saurayi wata coci ta ɗauke shi aiki, saboda wani tsohon abin kiɗa da Turawa suka bari, ogan, mai bututu jere har rufin ɗaki, wanda ba ya magana sai an cika masa ciki da iska. To wa ya fi ɗan maƙeri iya zuga? Sai ya zauna a bayan katako yana danna mariƙin zugazugi, wani dattijo na gaba yana kaɗawa. In jama'a sun watse, dattijon yakan buɗe wata takarda da ta yi ja don tsufa, ya kaɗa wani kiɗa shi kaɗai. Ya ce wani Baturen Ingila ne ya rubuta shi, an fi shekara ɗari, ko a ƙasarsu ba a damu da shi ba. Sunansa ma gara ta cinye a saman takardar. Kiɗan yakan fara a hankali kamar mai jin kunya, can sai manyan bututun su karɓa, katakon ya dinga rawa a bayan Muntaka, shi kuwa ya yi ta zuga har gumi ya jiƙa masa riga. Wallahi ya so kiɗan nan, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Umra ta kawo shi Jidda, ya maƙale. Shekara talatin ke nan ba iƙama, wato takardar izinin zama. Labari ya zo masa cewa dattijo ya rasu, ogan kuma 'yan gwangwan sun saya sun farfasa. Injin yankan ƙarfe ya cinye masa kunnen hagu, na dama ma ya kama hanya. Asibiti? Da wace takarda? Abu ɗaya ya rage masa a rai: ya sake jin kiɗan nan, ko sau ɗaya, kafin kunnen ya rufe.

Da kunya ya gaya wa 'yarsa Amatullah, haifaffiyar Jidda. Ta tuntsire da dariya.

"Baba, kai da kiɗan coci?"

Da ta ga fuskarsa sai ta haɗiye dariyar. Ta sa ya rera wa wayarta, wayar ta ce ba ta san kiɗan ba. Daga nan kowace Juma'a bayan la'asar sai ta zauna tana kunna masa tsofaffin kiɗan ogan na Ingila, shi ya manna waya a kunnen dama, ya saurara, ya girgiza kai. Wata takwas suna wannan fama, kunnen na ƙara toshewa, har ita ma ta haddace gunagunin nasa.

Rannan tana wanke-wanke, wayar na ta jero kiɗa, sai kofi ya suɓuce mata. Shi ne! Wani ne ya ɗora shi a intanet shekarun baya, ko mutum hamsin ba su saurara ba. Ta ruga gidan maƙwabta ta aro babbar sifika.

"Baba, halas, an gama, na samo shi!" ta faɗa masa da ƙarfi a kunne.

Ya wanke hannu, ya sauya riga, ya zauna a kan tabarma ya ɗora tafukansa a gwiwa. Ta danna. Kiɗan ya fara a hankali, manyan bututun suka karɓa, ta ƙure ƙara har gilashin taga yana kaɗawa. Hawaye ya zubo mata, ta juyo ta dube shi.

Muntaka na nan zaune, yana kallon yatsanta, yana murmushin mai jira.

"Yalla mana, 'yata," ya ce. "Kunna."