Tulun Irin da Aka Kai Ƙetare

Shekaranjiya da ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya biyo ni har ɗaka, sai ga hawaye ba shiri. Jikata ta tsaya tana kallona kamar na zautu. Ina za ta sani? A makon nan aka aiko mini daga ƙauyenmu na wajen Kunci cewa Baba na ƙetare ya rasu.

Haka muke kiransa, don gidansa yana ƙetaren rafi, cikin Maguzawan da suka karɓi addinin Kirista. Aminin mahaifina ne tun suna kiwon awaki. In Kirsimeti ta zo, yakan jawo akuyarsa har ƙofar gidanmu Baba ya yanka masa, don mu ma mu samu ci. Amma Gwaggo, yayar Baba, ba ta taɓa sakin jiki da shi ba. Ita kam ko gaisuwa mutum ya yi mata, sai ta nemi abin da ke ƙarƙashinta.

Shekarar da fari ya yi mana kaca-kaca, abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba. Baba ya tsince zangarniyoyin gero masu kyau aka sussuke, ya cakuɗa da toka saboda ƙwari, ya cika tulu. Ya liƙe bakin da laka, ya danna tafin hannunsa a kai tun tana ɗanya, ya ɗora a jaki ya kai ƙetare. Irinmu ke nan kaf. In ya salwanta, ba shuka, sai mu bar gonar gado mu shiga Kano neman abin kai wa baka.

"Duk 'yan'uwanka Musulmi ba su ishe ka ba?" in ji Gwaggo.

"Yaya, ɗan'uwa zai ji kunyata," in ji Baba. "Ranar da yunwa ta koro ni, zai miƙo mini. Shi kuwa na sa ya yi alkawari ba zai bayar ba sai ruwan shuka ya sauka, ko ni ne na je da kaina."

Kafin bazara ta raba, rumbu ya koma fayau. Muka koma dusa da busasshiyar tafasa, ƙanena ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Baffa, ƙanen Baba, ya tafi ƙetare neman ko tiya guda, ya dawo hannu rabbana. Daga nan fa maganganu suka fara yawo. Wai an ga mutumin a kasuwar Kunci da buhu. Wai matan can sun dafa giya. Gwaggo takan tsaya bayan danga tana hangen gidansa, ta ce, "Hayaƙi safe da yamma! Me suke dafawa in ba geronmu ba?"

Ƙarshe Baba ya tafi da kansa, na bi shi don in ga 'yar gidan, sa'ata, wadda muke tsintar kanya tare. Aminin ya tare mu a ƙofa, ya ce ba ta jin daɗi, tana barci. Ko ɗakin da tulun yake bai bari Baba ya leƙa ba. "Malam, kai ka ɗaure ni," ya ce, idonsa a ƙasa. A hanyar dawowa na ga zargin ya shige Baba shi ma, kuma wallahi ya fi yunwar yi masa ciwo. Daga ranar ba wanda ya sake ƙetara rafin a gidanmu, sai Baffa sau ɗaya da aka yi wani yayyafi maƙwabta suka ruga shuka. Aminin ya tona ƙasa da yatsa ya nuna masa busasshiya, ya hana. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Shi ke nan, ya cinye!" Waɗanda suka yi shukar, rana ta ƙone musu tsiron.

Sai babban ruwa ya zo. Da hantsi muka hango mutum yana ratsa rafi da tulu a ka, yana tangaɗi. Kai, ban gane shi ba sai da ya matso, duk ya zama ƙashi. Ya sauke a gaban Baba. Tafin hannun na nan a lakar, ko tsagewa bai yi ba. Duk da haka Gwaggo ba ta yarda ba. Ta fasa bakin, ta zura hannu har kafaɗa tana laluben yashi. Gero ne har gindi.

Baba ya nuna ni, ya ce, "Ina ƙawar wannan?"

"Ta riga mu gidan gaskiya, Malam. Makon jiya."

Jiya na je ta'aziyya. Rafin ya ƙafe, an yi masa gada, kuma yanzu iri a leda ake sayensa a shago, ba mai ba wani ajiyarsa. Matar marigayin ta tsufa tukuf, ba ta gani, amma ta gane muryata. Na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina: me ya sa ya hana Baba shiga ɗakin nan?

"Yarinyar tana kwance jikin tulun," ta ce. "Ganye muke tafasa mata, shi ne hayaƙin da kuke gani. Ya san in mahaifinki ya gan ta, da hannunsa zai fasa."

Geron nan muka shuka muka rayu. Ni ga ni yau da jikoki, ƙawar tawa kuwa wata ɗaya aka haife mu.