Sunan da Hajiya ta tsallake

Ina kicin jiya da yamma ina ƙunƙuni a kan aikin makaranta, kakata Hajiya tana gefe tana gyaran alayyahon da Mama ta sayo a kantin Gate City.

Ticarmu ce ta haɗa mu da wani mawaƙin ƙasar Sin na zamanin da. Ni da na saba da littattafan soyayya, na zaci furanni da farin wata zan tarar.

Na ce, "Hajiya, mutumin nan ya ishe ni. Yana saurayi dawakai da duwatsu yake wa waƙa. Da tawaye ya ci garinsu, sai yunwa, sai gudu, sai waɗanda suka mutu."

Ta ce, "Ke 'yar Amurka, to me zai rera? Ni ma da, ba a biki a ƙauyenmu sai da muryata. Tun da 'yan bindiga suka shigo, in na buɗe baki sunayen matattu ke fitowa."

Bara aka kawo ta nan Amurka daga Zamfara. Kullum ina jin tana wani amo can ƙasa-ƙasa, na ɗauka zikiri ne.

Da ƙyar na iya cewa ta rera min. Ta jero maƙwabta, ta jero ƙannenta. Har ta kai ƙarshe ban ji sunan kakana ba, wanda 'yan bindigar suka tafi da shi daji.

"Hajiya, Malam fa?"

"Shi ba ya ciki. Ba wanda ya nuna min kabari."

Har yanzu na kasa rubuta komai. Ku naku tsofaffin, kun taɓa sauraron abin da suke rerawa?