Motoci Uku da Na Ba Baba Alhaji

Ni ce mai tsara hotuna a danginmu, kowa ya san haka. In za a yi biki ko suna, wayata ake nema. Na taɓa gyara fuskar wata amarya ta yi sumul, har angon ya tsaya yana tambaya ko ƙanwarta ce. Saboda haka da ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ta ce za ta buga mujalla don taronta na shekara, ban taɓa kawowa a raina cewa za a ba wani aikin bangon ba. Shugaban ƙungiyar yayan babana ne, Baba Alhaji. An kuma ce za a rubuta sunan wanda ya tsara bangon a ƙasa, a raba mujallar a kasuwanni. Ni har na fara gwada irin tafiyar da zan riƙa yi in ana nuna ni da baki.

Sai ga ɗan gwaggona ya zo hutu daga Faskari. Taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa sai an raba mu. Ya ɗan zauna a wani shagon buga takardu a Funtuwa, ya dawo yana kanne ido ɗaya in zai kalli abu, kamar mai duba ko gini ya karkace. Baba Alhaji ya dube ni, ya dube shi, ya ce, "Kowa ya yi nashi, kwamiti ya zaɓa."

Na zuba basira. Na ɗauki hoton Baba Alhaji na sallah, na goge furfura, na rage tumbi, na ƙara wa hular tsayi. Shi da tsohon babur yake yawo, wanda sai an tura shi yake tashi, amma wa ya taɓa ganin shugaba a bangon mujalla da babur? Na jera masa manyan motoci uku baƙaƙe. A bayansa na kafa bene mai gilashi, na tara buhunan masara har suka shige gajimare. Saman ya yi mini fili, na sa jirgi. Gefen hagu ya yi fili, na sa zaki. Rubutun kuwa ruwan zinare, kowane layi da irin nasa salon, yana walƙiya har sai ka kare ido.

Na leƙa wayar taubashina, dariya ta kusa kayar da ni. Tiya ɗaya ce cike da masara, da hannuwan wani mai awo a kanta, sai sunan mujallar da baƙin rubutu. Sauran duk fari fat.

Na ce, "Kai, data ce ta ƙare maka, ko ba ka gama ba?"

Ya ce, "Na gama. Ido ma yana son wurin hutawa."

"To ya je ya kwanta mana. Wannan ai katin asibiti ne."

Ya karɓi tawa wayar, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yarinya, zakin nan shi ma ɗan ƙungiya ne? Gero yake sayarwa ko dawa?"

Ban kula shi ba. Don ma ya ji haushi, na ɗora nawa a status, ƙawayena suka yi ta turo mini hoton wuta.

Kwamiti ya zauna a zauren Baba Alhaji bayan la'asar. Mutum uku ne: shi, da sakatare, da wani dattijo siriri daga Sabuwa mai yawan shiru. Nawa aka fara gani. Sakatare ya ce, "Tabarkalla! Alhaji, ashe haka kake?" Baba Alhaji ya gyara zama, yana shafa gemu, yana murmushi da wannan saurayin da na mayar da shi. Na harari taubashina ta gefen mayafi. A raina har an buga, har an raba.

Dattijon Sabuwa ya kawo wayar kusa da hancinsa. Ya ce, "Alhaji, motocin ga naka ne?"

"A'a, ado ne na yara."

"To, ni na san ado ne. Mujallar ga kuwa, in an gama karantawa, mai tsire zai naɗe nama da ita, mai ƙosai ma haka. Babur zai ɗauke ta ya bi hanyar Damari da ita, ya wuce inda ni da kai ba mu zuwa. Wanda zai buɗe ta can cikin daji, wa zai gaya mashi ado ne?"

Na ga murmushin Baba Alhaji yana sauka a hankali. Mutumin da in zai je kasuwar ƙauye sai ya zaɓi rigar da ta fi kowace koɗewa don gudun idon 'yan bindiga, ga shi na tsayar da shi gaban bene, da sunansa da garinsa da ruwan zinare.

Ya ce, "Ke! Wa da wa suka ga abin nan?"

Na ce, "Ba kowa, Baba."

Taubashina ya yi tari. "Kawu, ba kowa. 'Yan status ne kawai."

A gabansu na goge shi daga status, Baba Alhaji na tsaye a kaina yana salati. Bangon taubashina kuwa ko minti ɗaya ba a yi ana dubawa ba. Dattijon ya ce, "Wannan ba fuskar kowa, ba dukiyar kowa. Tiya ce, kowa na da ita." Shi ke nan, wai an zaɓa.

Har gobe ina cewa tsoro ne ya ci gasar nan, ba iyawa ba. Da mujallar ta iso na kai ta ɗaki na rufe ƙofa, na bi ta lungu-lungu ina neman aibu. Abin haushi, ta yi kyau. Masarar kamar ka ɗiba. Ga sunan taubashina a ƙasa da baƙaƙe ƙanana ƙwarai, amma ni ji nake kamar da lasifika aka rubuta shi. Gwaggo ta zagaya da ita gida-gida, har gidan da ba su iya karatu ba.

Bayan taro Baba Alhaji ya aika a kira ni. Na shiga ina shirin wani faɗan. Ya leƙa waje, ya rage murya.

"Ɗiyata, wancan naki, kin goge shi duka?"

Na ce akwai saura a waya.

"To a wanko mani guda ɗaya tak. Ki cire zakin. Kada kowa ya ji."

Yana nan manne a bayan ƙofar ɗakinsa, inda sai an rufe ƙofar ake ganinsa. Na rubuta sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe na zinare, na ƙara masa mota ta huɗu. Mai karatu ɗaya gare ni a duniya, shi ma ya ce in na faɗa wa gwaggo sai ya karɓe wayar.