Mai Shayin da Ke Neman Faɗa Uku Saura Kwata

Shekara sha bakwai ke nan Abu Fadil, mutumin Basra ta Iraƙi, yana buɗe shagon shayinsa a Sodataliya ta ƙasar Suwidin. Da sassafe zai jera kofuna, ya goge teburan wasan domino, ya jira tsofaffin sojojin Iraƙi su shigo da ƙorafin sanyi da ciwon gwiwa. Mutum ne mai haƙuri, in ka cire kwana huɗu a shekara.

Duk bayan wata uku garin na gwada jiniyar gargaɗi, ranar Litinin da ƙarfe uku na rana. Ranar da Abu Sargon, tsohon direban tankar yaƙi daga Mosul, ya fara jin ta, ya ɗauka jiragen yaƙi ne, ƙarƙashin tebur ya shige. Wata biyar bai leƙo ƙofar gidansa ba. Matarsa ta ce in aka sake haka, ba ta jin zai ƙara fitowa.

Da ya dawo, ranar gwaji ta zagayo. Uku saura kwata Abu Fadil ya dire masa kofi, ya ce, "Abu Sargon, tsakani da Allah, wa ya ce muku 'yan Mosul kun iya dafa shinkafa? Kunu kuke yi."

"Kunu? Kai da ba ka san komai ba sai kifi!"

Shago ya kaure, har da masu hawa kujera. Jiniya ta yi kukanta ta gama, ba wanda ya saurare ta. Tun daga ranar, ba gwajin da ya wuce Abu Fadil bai ci mutuncin abincin wani gari ba.

Kai ne, Abu Fadil, ka sha zagi shekara da shekaru don mazan nan su zauna a kujerunsu. Likitan da ba allura, mun gode.

Bana Abu Fadil ya ajiye aiki. Litinin ɗinsa ta ƙarshe mura ta kama shi, murya ta dushe. Uku saura kwata ya buɗe baki, shiru. A ranar muka lura ya rungume tirensa yana ta duban agogo, muka tuna shi ma ya yi shekara takwas a ramin yaƙi.

Abu Sargon ya miƙe, ya buga tebur.

"Dabinon Basra? Wallahi ko akuyata ba zan bai wa ba!"

Abu Fadil ya ajiye tiren, ya naɗe hannun riga, idonsa cike da ƙwalla.

Shagon yana nan, jama'a, jiniya ma tana nan. Wata uku masu zuwa, wani ya daure ya zagi shinkafar wani.