Yadda Ƙarangiyar Azumi Ta Shiga Meri

Idan ka shiga kasuwar Dakoro ta wajen 'yan awaki, ka ga wata gajeruwar tsohuwa mai saida cuku wadda bakin zanenta ke cike da ƙarangiya, kada ka sunkuya ka ce za ka cire mata. Buge maka hannu za ta yi. Ita ce Azumi matar marigayi Sallau. 'Yar kawuna ce, wato taubashiyata, don haka duk abin da na faɗa a kanta a nan halal ne, babu alƙalin da zai saurari ƙararta.

An haife ta a wani ƙauye kusa da Bader Goula, cikin watan azumi. Ta zo duniya lokacin da kowa ke jin yunwa, kuma tun ranar ba ta bar kowa ya ci abinci cikin kwanciyar hankali ba. Muna 'yan mata aka yi babban farin nan da ya kashe shanu. Uwayenmu suka riƙa aika mu daji mu tsinko ƙarangiya, a daka ta a turmi, a sheƙe, a fitar da 'yan ƙwayoyin cikinta a dama kunu. Hannuwanmu duk suka tsage. Da aka samu hatsi na rantse ba ni ƙara kallon wannan ciyawa. Azumi kuwa ta riƙe mata alheri. Ta ce abin da ya ciyar da kai ranar da danginka suka kasa, ba ka zaginsa don ya soke ka.

Sallau dillalin awaki ne ya aure ta ya kawo ta Dakoro, unguwar da ke can ƙarshen gari ta arewa. Bayan gidansu hurumi ne, filin kiwon da gari ya ware tun zamanin kakanni, ba mai noma shi, ba mai gini a ciki. Da Sallau ya rasu bai bar mata gona ba, sai garken awaki da wani tsohon bargo mai warin bunsuru. Da nonon awakin nan take yin cuku, da cukun ta raini 'ya'yanta har suka kama gabansu. Babban, Mahamadu, makaniki ne a Maradi.

Sai ruwa ya fara yi mana wasa. Ya makara, ya zo da haushi ya kwashe ƙasa, ya ɗauke tsakiyar damina kamar an ɓata masa rai. Dabbobin da suka rasa ciyawa a arewa suka riƙa sauka a huruminmu har suka cinye shi tas. Abin da ya fito a madadin ciyawar shi ne garmani, wannan haki mai furen rawaya da ko jaki ba ya sunsuna shi. Daga nesa filin kore shar, ka ce aljanna. Amma awaki su yini a ciki su dawo da ciki a lotse.

Su manya ba su yi shiru ba, kada in yi musu ƙarya. Duk shekara ranar bikin dashen itace sukan zo da motoci da makaɗa, a yi jawabi a kan sauyin yanayi, a dasa 'yan itatuwan bedi, wato dogon yaro, a bakin hanya, a zuba musu ruwa da buta gaban mai ɗaukar hoto. Kafin la'asar ta gobe awakin Azumi sun cinye su. A duk Dakoro su kaɗai na sani da suka ci moriyar siyasar muhalli kai tsaye.

Nono ya ragu, cuku ya ƙanƙance. Mahamadu ya fara kira a waya.

"Inna, ki saida awakin nan ki taho Maradi ki huta."

"In huta in yi mi? In zauna ina gadin talabijin ɗinka?"

Ana nan sai labari ya fito daga meri, ofishin magajin gari: tunda hurumi ya mutu, za a yi lotisma, a yanka shi filayen gidaje a sayar. Wanda ya kawo shawarar shi ne Elhaji Jafaru, konseyen unguwarmu, wato wakilinmu a majalisar gari, ɗan kasuwar hatsi, mutum mai fara'a da son babbar riga. Azumi ta san lissafinta. In aka yi gini a wurin, awakinta ba su da inda za su sa ƙafa, ita kuma sai ɗakin bayan garejin Mahamadu. Ta yafa gyale ta same shi a rumfarsa, cikin mutane.

"Elhaji, an ce kai ne ka yi wa hurumi sallar gawa."

"Inna Azumi, ai ni ban kashe shi ba, na tarar da shi a mace. Ki nuna mini abin da akuya za ta ci a ciki, ni da bakina zan ce a bar shi."

"Kun ji ko?" ta ce wa masu auna hatsi. "Kada gobe a ce tsohuwa ta yi mafarki."

Suka yi dariya, shi ma ya yi. Abin da ya taimake ta shi ne aikin meri ba ya gudu. Kafin takarda ta tashi daga wannan tebur ta sauka a wancan, damina biyu na iya wucewa.

Da kaka ta yi, ta hau motar kasuwa zuwa Tagriss, wurin Amani ƙanen mijinta, inda har yanzu akwai kwarin da ƙarangiya ke fitowa har gwiwa. Ta ɗaura igiya a bargon Sallau ta riƙa jansa cikin ciyawa kamar mai jan gawar jaki. Ƙayar ta manne masa, ita kuma ta kankare da tsinken kara ta ɗura a buhu, ta sake ja. Makiyaya suka tsaya suna kallo. Amani ya ce wa matarsa a riƙa sa ido, matar wansa ta fara taɓuwa.

Wajen dawowa aka yi rikici. Yazidu direba ya loda buhunan a bayan mota, fasinjoji suka hau suka zauna a kai, ba su san abin da ke ciki ba. Ba a yi nisa ba wani dattijo ya miƙe yana salati yana riƙe da bayansa.

"Inna, mi kika zuba a buhunan nan?" in ji Yazidu.

"Iri."

"Irin mi?"

"Irin abin da ya hana uwarka mutuwa shekarar fari. Ja mota."

Fasinjoji suka ce ko ita ko su. Sai ta tara buhunan a lungu guda, ta ninka bargon ta haye kansu ita kaɗai, ta zauna daram har Dakoro. Da na je yi mata barka da zuwa na tarar da ita a tsaye tana shan fura. Kwana da kwanaki ba ta zauna ba, ta ce wai ƙafafunta take motsawa.

Daminar farko ta sha kunya. Ta watsa irin haka nan cikin garmani, garmani ya danne shi. Ɗan abin da ya tsiro kuwa, awakinta na kanta suka bi shi suka kalashe tun yana jariri. Unguwa ta samu abin hira. Yara suka riƙa ce mata mai noman ƙaya. Ni ma ban rage mata ba, hakkina ne. Na ce, "Azumi, mutane na shuka hatsi ke kina shuka abin da zai yaga musu wando."

"Ke Baraka, uwar surutu," ta ce, "baɗi da hauyarki za ki zo."

Kuma na zo, abin haushi. Ta sake komawa Tagriss, wannan karon Yazidu ya ɗaure buhunan a kan rufin mota tun kafin ta yi magana. Da bazara ta bi gida gida. Ba ta yi wa kowa wa'azin yanayi ba. Tambaya ɗaya take yi wa kowace mace: "In an gina hurumi, ina za ki kai akuyarki? Ɗakin mijinki?" Da ruwan farko ya sauka ta kira gayya, ta dama fura tukunya tukunya. Muka fita da hauyoyi muka tuge garmani tun bai yi fure ba, muka karce ƙasa muka binne irin da takin awaki don iska kada ta kwashe. Daga can cikin filin muka fara, inda ƙasa ta fi laushi, ƙarfinmu bai kai bakin hanya ba.

Abin da ya fi wuya shi ne ɗaure awaki damina guda cur. Azumi ta fara da nata. Ta riƙa yanko musu ganyen aduwa tana haɗawa da dussa, suna kuka tana zaginsu. Sauran mata suka bi, wasu don sun yarda, wasu don tsoron bakinta. Har rugar Fulanin da ke sauka kusa ta je, da cuku a hannu. Ardonsu ya duba tsiron da ke fitowa, ya murza shi a yatsa, ya sa aka karkata da shanu ta gabas.

Kaka ta zo daidai da ƙaratowar zaɓen konseyoyi. Sai ga sanarwa: magajin gari da tawagarsa za su zo su duba hurumi kafin a sa hannu. Suka iso da hantsi. Elhaji Jafaru ya sha farar shadda mai sitati, babbar riga har ƙasa, sauran ma kowa ya yi ado kamar za a ɗaurin aure, da ɗan jaridar radiyon gari a bayansu. Mu mata muna tsaye gefe, kowace da igiyar akuyarta a hannu.

Suka tsaya a bakin hanya, inda garmani ke nan yadda yake. Elhaji ya buɗe hannuwa.

"To, ranka ya daɗe, ga shi nan. Inna Azumi, Allah ya ba da haƙuri, kin yi ƙoƙari."

"Elhaji," ta ce, "in an kawo maka buhun hatsi, bakinsa kawai kake dubawa ka biya?"

'Yan tawaga suka kwashe da dariya, don kowa ya san Elhaji sai ya soka ƙarfe har gindin buhu. Ya gyara hula ya ce a shiga. Da ɗan ƙauye ne da ya naɗe riga ya ɗage wando. Amma waɗannan mutane sun daɗe ba su taka daji ba sai ta tagar mota, kuma shekaru ke nan babu ƙarangiya a kewayen gari da za ta tuna musu. Suka kutsa da rigunansu suna share ƙasa.

Ana wuce garmani sai ga ƙarangiya, har gwiwa, ta nuna jawur, iyakar ganinka. Elhaji ya fara da "Kai!" Ya ɗaga hannun riga, hannun ya manne da gaba. Ya janye, gaba ta manne da wando. Magajin gari ya sunkuya zai cire daga safa, ta kama yatsunsa. Wani konseye ya juya zai gudu, rigarsa ta haɗe da ta na kusa da shi, suka tsaya kamar tagwaye. Farar shadda ta koma launin bushiya. Wallahi na yi dariya har sai da aka riƙe ni.

Azumi ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannu kawai, muka saki igiyoyi. Awakin da suka yi damina a ɗaure suka ruga suka wuce ta tsakanin ƙafafun manya, suka dulmiya kai cikin ciyawa. Ba ka jin komai sai ƙarar tauna.

"Ga abin da akuya za ta ci," ta ce. "Da bakinka ka ce."

A nan ne na sara wa Elhaji Jafaru, don ba wawa ba ne. Ya dubi awaki, ya dubi matan da suka cika bakin fili, kowace da katin zaɓe a ɗaki. Ya jawo makirfon ɗan jarida ya ce tun da daɗewa shi yake faɗa cewa kare hurumi shi ne aikin farko na kowane shugaba a wannan zamani na sauyin yanayi. Wani ya matso zai cire masa ƙaya, ya ce a bari. Da wannan rigar ya koma meri, da ita ya hau mumbari a mitin ɗin siyasa na yamma, yana juyawa don na baya su gani.

Aka soke lotisma. Majalisa ta sa aka kafa turakun siminti kewaye da hurumi, aka sa tuge garmani da sayen iri cikin ayyukan kowace shekara. Abokan hamayyar Elhaji da suka ga haka, su ma kowa ya fito da tasa ƙarangiyar a jawabi, har wanda ko kaza bai taɓa kiwo ba. Elhaji ya ci zaɓe. Yanzu in baƙi suka zo daga Maradi shi ke kai su kallon filin, amma cikin wando da 'yar shara.

Na ce wa Azumi, "Kin ji yana cewa dabararsa ce?"

"Bari ya ce har shi ya halicci ciyawar," ta ce. "Awakina ba su jin radiyo."

Mahamadu ya zo da mota bayan zaɓe, wai ko ta canza shawara. Ta cika masa bayan motar da cuku, ta ce ya gai da talabijin.

Har yau kullum da safe ta hurumi take bi ta tafi kasuwa, ko da yake hanyar ta fi nisa. In ta dawo gida ta zauna a ƙofar ɗaki ta tsince ƙayar da ke bakin zanenta ɗaya bayan ɗaya ta zuba a ƙwarya, don akwai sauran garmani a bakin hanya. Jiya na kai mata ziyara, ta bi ni da kallo har na zauna, sannan ta ce in miƙo gefen zanena. Ta tsince nawa ma, ta zuba a ƙwaryarta, ko sannu ba ta ce mini ba.