Selsgal Mai Jikoki

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Falmata makwancinta, amma makon nan ta hana ni zama. Kujerar ƙofar gidana ta kusa kai ƙarata wajen mai unguwa saboda yawan tashi da zama.

Yayata ce, ciki ɗaya. Ta fara aiki a wani kantin atamfa a kasuwar Haɗejiya tun ina yawo ba wando. Mai kantin ya ɗan zauna a Legas, shi ya zo mana da kalmar selsgal, wai yarinya mai sayar da kaya. Namiji kuwa selsman ne, cikakken mutum, ko gemunsa bai tsiro ba. Yaya ta haihu, ta aurar, ta goya jika, furfura ta leƙo ta ƙasan ɗankwali, amma a bakin mai kanti tana nan yarinya. In ina neman tashin duniya sai in tsaya nesa in ce, "Selsgal, ina kwana?" Takalminta bai taɓa kuskure ni ba. Akwai ranar da na sha kwana, ya sha kwana ya biyo ni.

Abin dariyar, ba ta ma zama a kantin. Matan da ba sa zuwa kasuwa su ne mutanenta. Takan ɗaure turame a leda, ta naɗe da wani jan bargo, in damina ta cinye hanya ta hau kwalekwale, ta ratsa ciyawar kacala zuwa ƙauyukan Guri. Kuma ba ta kwance kaya da isarta. Sai ta karɓi taɓarya ta taya surfe, ta ji wa ke da ciki, wa aka sa wa rana, wa ke fushi da miji. Can sai ta zaro turmi ɗaya tak. Shi ɗin za a saya.

Abin da ya tayar da ni, 'yarta Hajara ce. Mijinta ya rasu, ambaliya ta kwashe shinkafar da ya bari a Auyo, ga yara. Ta ga kwali a ƙofar wani sabon kanti mai gilashi, ana neman selsgal. Manajan ya dube ta sama da ƙasa, ya ce su ƙaramar yarinya suke so, wadda za ta tsaya a ƙofa tana murmushi.

Ta zo mini idonta a bushe. "Kawu, Inna ta tsufa ana ce mata yarinya. Ni kuma an ce na wuce."

Me Yaya za ta ce da wannan zamani? Ina jin ba za ta ce komai ba. Sunkuyawa za ta yi ta cire takalmi.

Hajara ta nemi jan bargon nan, wanda nake rufa da shi tun rasuwar Yaya. Ɗan mai kantin da Yaya ta yi wa aiki ya ba ta 'yan turame ta gwada. Na raka ta bakin ruwa ina ta surutu. Matan ƙauye yanzu a waya suke zaɓen atamfa daga Kano. Wa zai jira mai bargo?

Da la'asar na kasa haƙuri na kira ta a waya. Kafin ta yi magana na jiyo wata tsohuwa tana kiran matan gida su fito, bargon Selsgal ya dawo. Yadda ta faɗi sunan, kai ka ce sarauta ce.

Na ce, "Sun sayi wani abu?"

Ta ce, "Tukuna, Kawu. Taɓarya suka miƙo mini."

Ban san ko za su saya ba, shi ya sa har yanzu nake safa da marwa a ƙofar gida. Yaya ba ta bar kanti ba, ba ta bar gida ba. Bargo ta bari, da gidajen da suka gane shi daga nesa, da sunan da ta ƙi jini, wanda ashe a can da girma ake faɗarsa. Allah ya jiƙan ki, Selsgal. Na faɗa, kuma wallahi sai da na sunkuyar da kai.