Ranar da Kawu Sale Ya Hana Mu Kala

Wata Asabar ce a ƙarshen damina, shekarar da nake aji biyar a firamare. Ni da ƙawata Nkechi muna tsaye a bakin titin Kwamba cikin sabon anko, rana ta fara zafi, sitacin ɗankwali yana cizon kunnena, mun ƙame ko motsin kirki ba ma yi don kada kwalliya ta ɓaci. Shi kuwa wanda muke jira ya ɗauke mu hoto, Kawu Sale ƙanen Innata, yana can tsallaken titi ya juya mana baya, ya durƙusa yana saita kyamararsa a kan wani dattijo mai tura baron doya. Nkechi ta ɗaga murya da Hausarta mai gauraye ta ce, "Kawu, abeg, mu ne fa muka yi kwalliya, ba doya ba!" Ko waiwayowa bai yi ba.

A gidan haya ɗaya muka tashi da Nkechi, ƙofar ɗakinsu tana kallon tamu. Tare muke bin layin rijiya da safe, tare muke wanke-wanke a gindin mangwaron tsakar gida, tare ake korar mu idan muka cika surutu a lokacin da manya ke hutawa. Na koya mata carafke, ta koya mini wasan tafi da ƙafa na garinsu. Idan Baba ya dawo daga gona da gyaɗa aka zube mana a tabarma mu ɓare, rabi a kwano rabi a baki, har Inna ta gane daga shirun da muka yi. Kwatsam baban Nkechi, mai sayar da kayan gyaran babur, ya ce ya gaji, za su koma garinsu a kudu ranar Laraba mai zuwa. Mamanta ta sayo atamfa ruwan lemo mai korayen ganyaye da ƙananan tsuntsaye, ta raba mana biyu, Inna ta yi yini biyu a kan keken ɗinkinta. Abu ɗaya muke so: hoto mai kala, ɗaya ya tafi da ita, ɗaya ya zauna da ni.

Matsalar ita ce Kawu Sale. A Kaduna ya koyo hoto, ya dawo da wani irin taurin kai da har yau ban ga mai kamarsa ba. Sauran masu hoto a Suleja duk sun buɗe shago, sun rataya labule mai zanen teku, sun ajiye furannin roba, mutane na tururuwa ana yi musu mai kala. Shi kuwa in ya gama hotunan fasfo na 'yan makaranta sai ya rataya kyamara ya shiga gari, yana ɗaukar mutanen da ba su sa shi ba, kuma duk baƙi da fari. Da kansa yake wankewa a wani ɗan ɗaki da ya toshe tagarsa da bargo, ya fito hannunsa na warin magani. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Kala surutu gare ta, ba ta barin mutum ya ga fuska." Inna kan amsa masa, "Allah Ya yi duniya da kala, kai kaɗai ka fi son ta da toka." Sai da ta tsare shi a gaban Baba ya yi alkawari, ya zaro kwalin fim mai kala daga aljihu ya nuna mana, sannan hankalinmu ya kwanta.

Da safen ne ya fito da sabon zance. Wai akwai sauran fim na baƙi da fari a cikin kyamara, ba a buɗe ta sai an ƙarar da shi, mu biyo shi kawai, yanzun nan za a gama. Muka bi shi kuwa. Ya tsaya wajen wata tsohuwa mai jera tukwane ya fi minti goma yana jiran ta ɗago kai. Ya ɗauki hannun bakanike baƙi wuluk da mai. Ya ɗauki akuya a saman lodin mota. Ya ga inuwar mai gyaran takalmi a jikin bango, ya ɗaga kyamara, ya sauke, ya ce hasken bai nuna ba, mu dakata. Wai haske ne bai nuna ba, kamar wani mangwaro! Hodar da mamar Nkechi ta shafa mana ta bi gumi, takalmina ya fasa mini dunduniya, yunwa ta fara murɗa mu. Mutane na wucewa suna tambaya ko biki za mu.

Mun kusa kasuwa wani ɗan acaɓa ya faɗa cikin ruwan da ya kwanta a gefen titi, ya watso wa Nkechi caɓi tun daga ƙirji har gwiwa. Ta buɗe baki za ta yi kuka. Na fizge ɗankwalina ina goge mata, ina ƙara dama abin, sai kukan ya rikiɗe mata ya koma dariya, hawaye na zuba tana riƙe da ni don kada ta faɗi. A nan muka ji ƙyas. Kawu ya sauke kyamara ya ce, "Yauwa, an gama." Ashe hoto ɗaya na ƙarshe da ya rage a fim ɗin ya ɓoye mana tun ɗazu yana jira. Ni kam na fashe da kuka na gaske, na ce sai na gaya wa Inna. Shi ne ya ja tsaki ya sa fim mai kalar, ya jingina mu da wani bango, ya ɗauke mu sau ɗaya tak, fuska a kumbure, Nkechi ta rufe wurin caɓin da hannu.

Washegari ya kawo baƙi da farin guda biyu. Ruwan lemon da koren duk sun koma toka iri ɗaya. Nkechi ta kai hoton kusa da ido ta ce, "Ina tsuntsayen?" Inna ta karɓa ta duba, ta ce, "Sale, yini biyu na yi a kan keken nan, ka mayar mini da shi buhun gawayi." Mai kalar kuwa, ya ce ba a nan ake wanke shi ba, kuma ba a aika fim da hoto ɗaya a ciki, sai ya cika. Mutumin da ba ya ɗaukar kala, yaushe zai cika shi? Laraba ta zo, aka loda kayansu a mota, Nkechi ta sa na tokar a cikin littafin lissafinta, ta leƙo ta taga tana cewa in aiko mata da mai kyan. Fim ɗin ya fi shekara a cikin gwangwani a kan taga. Da aka wanko shi zafi ya riga ya cinye shi, komai ya yi ja, fuskokinmu kore shar. Ban aika ba. Daga baya ma adireshin ya ɓace, ban sake jin ɗuriyarta ba.

Yanzu kullum ina bin titin nan in zan tafi aiki Abuja, kekuna masu ƙafa uku sun cika shi, kowa da wayarsa. 'Yata takan ɗauki hoto talatin kafin in gyara mayafi, ta taɓa wuri ɗaya ya koma baƙi da fari, ta sake taɓawa kala ta dawo, ba wanda ya yi asarar komai. Har tana gaya mini wai baƙi da fari ya fi aji. Kawu yana nan unguwar Wambai, ido ya yi rauni. Kwanakin baya na kai masa nawa hoton na baƙi da fari, na ce har yau bai ba ni haƙuri ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Dubi yadda ta riƙe ki. Da kala ce, rigar za ki tsaya kallo." Na ce, "Ai rigar nake son gani, Kawu!" Ya yi dariya ya miƙo mini abina.

Wataƙila Nkechi ma tana can wani gari tana jin haushinsa har yau. Da ma a ce tare muke ji.